Sauye-sauyen ƙofar shiga jami'a a Najeriya da irin shirin da ya kamaci ɗalibi

A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya umarci hukumomin WAEC da NECO su koma yin jarrabawa a kwamfuta. Tsarin da ya shata shi ne a fara da tambayoyin zaɓi a Nuwamban 2025, sannan zuwa zangon Mayu da Yunin 2026 a mayar da komai kan kwamfuta, har da amsoshin da ake rubutawa da dogon bayani. Kafin shekarar 2025 ta ƙare Majalisar Wakilai ta nemi a jingine batun zuwa 2030, bisa hujjar cewa makarantun karkara ba su da wuta, ba su da kwamfutoci, ba su da malaman da za su koyar da su. Ko an cika wa'adin minista ko an ja shi, inda aka dosa a bayyane yake. WAEC ma ta riga ta gwada abin da ɗalibai masu zaman kansu tun farkon 2024, inda aka amsa tambayoyin zaɓi a kwamfuta, tambayoyin rubutu kuma aka nuna su a allo aka amsa a takarda.

Wannan sauyi bai zo shi kaɗai ba. A cikin shekaru biyu an taɓa shekarun shiga jami'a, an taɓa sharaɗin kiredit ɗin lissafi, an ɗaga mafi ƙarancin makin da jami'a za ta karɓa. Duk da haka, da ka zauna da iyaye ko ɗaliban aji shida, kusan duk fargabarsu a kan kwamfuta take. A ganina an ɗora tsoron a inda bai fi cancanta ba, kuma tarihin JAMB ya isa shaida.

An kafa JAMB a 1978. A 2010 ta haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejoji suka zama guda, wato UTME. A 2013 ta fara gwada kwamfuta tare da takarda, a 2015 ta rufe babin fensir da takarda gaba ɗaya. A lokacin an yi ta cewa ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya shiga uku. Bayan zuwan Farfesa Is-haq Oloyede shugabancin hukumar a 2016, sai aka tsara yadda ɗalibi zai gama jarrabawarsa da 'yan madannai kaɗan ba tare da ya taɓa linzami ba: A, B, C, D na zaɓar amsa, N na matsawa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Yaron da ya iya tura saƙo a waya zai koyi wannan a zama ɗaya.

Abin da ke kayar da ɗalibai a UTME lokaci ne. Darussa huɗu ake yi, Turanci dole ne a cikinsu. Turanci na da tambayoyi 60, sauran ukun 40 kowanne, jimilla 180 a cikin awa biyu. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. A cikin daƙiƙa 40 ɗin nan ne za a karanta tambaya, a fahimce ta, a duba amsoshi huɗu, a yi lissafi in da lissafi, a danna. Ga kuma dogayen sakin layi na auna fahimta a takardar Turanci, waɗanda karanta su kaɗai kan cinye mintuna.

A nan ne matsalar ɗalibanmu da yawa take, musamman 'yan makarantun gwamnati. Yaro ya san darasin, don malami ya yi masa bayani da Hausa ya kuma gane sarai. Amma in ya ga tambayar da Turanci sai ya karanta sau biyu, ya juya ta zuwa Hausa a ransa, sannan ya fara neman amsa. Kafin ya gama wannan zagaye daƙiƙa 40 sun wuce. Haka zai yi ta yi har agogon da ke saman allo ya ƙare, kwamfuta ta miƙa aikinsa da kanta alhali akwai tambayoyi talatin ko arba'in da bai ko gani ba. In sakamako ya fito a ce kwamfuta ce ta cuce shi.

Alkaluman 2025 sun nuna girman abin a faɗin ƙasa. Cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.95 da suka zauna UTME, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon farko da aka fitar, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ba matsalar Arewa kaɗai ba ce, amma wanda Turanci bai zama harshen gidansu ko na unguwarsu ba shi ya fi jin ta a jikinsa.

Don haka shiri na farko shi ne saurin karatu, kuma ba a samun sa a wata ɗaya. Ɗalibin da ke aji biyar ko farkon aji shida ya ɗora wa kansa karanta wani abu da Turanci kullum, jarida ce ko littafin labari ko littafin darasi, ya kuma riƙa sa agogo. Ya karanta shafi, ya rufe, ya faɗi abin da ya fahimta. Wani ɓangare na karatun ya zama a allo, don ido kan gaji da allo ta hanyar da ba ya gajiya da takarda, kuma a allo ba ka da damar ja wa kalma layi da biro. Littafin labarin da JAMB kan sanya a takardar Turanci, wanda ake bayarwa lokacin rajista, a karanta shi da kansa daga bango zuwa bango. Taƙaitawar da ake yaɗawa a WhatsApp ba ta riƙe sunayen ƙananan taurari da ƙananan al'amura, su kuwa ake tambaya.

Tambayoyin shekarun baya suna da amfani, amma yadda ake amfani da su a wuraren lesin da dama ɓata lokaci ne. Ana haddace cewa amsar tambaya kaza ita ce C. JAMB na cakuɗa tambayoyi, tana cakuɗa jerin amsoshi, wanda ke kusa da kai ma abin da ke allonsa daban ne da naka. Amfanin tsofaffin tambayoyi shi ne su nuna maka salon tambaya da kuma inda kake da rauni. A ɗauki cikakken saiti na 180, a sa awa biyu, a kashe waya, a yi. Bayan an gama a zauna da waɗanda aka faɗi, a koma littafi a gano dalili. Wannan zama na biyu ya fi na farko muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Manhajar karatun kowane darasi tana nan kyauta a shafin JAMB, a sashen da ake kira IBASS, kuma abin mamaki ne yawan ɗaliban da ke biyan kuɗin lesin wata da watanni ba su taɓa buɗe ta ba.

A cikin ɗakin jarrabawa akwai 'yan dabaru da ke ceton maki. Ba dole ba ne a fara da Turanci. Ana iya fara da darasin da aka fi ƙarfi a kai a tara lokaci. Tambayar da ta ƙi ci a bar ta a wuce, a dawo daga baya. Ba a rage maki don an zaɓi amsar da ba daidai ba, saboda haka barin tambaya babu amsa asara ce tsantsa, in lokaci ya ƙure gara canki-canka. Ba a shiga da agogo ko waya ko kalkuleta, akwai ƙaramar kalkuleta a allo, kuma wanda bai saba da ita ba zai ga ta fi lissafin hannu cin lokaci. Jarrabawar gwaji da JAMB ta ɓullo da ita a 2017 ba dole ba ce, amma wanda bai taɓa zama a cibiyar CBT, wato wurin yin jarrabawa a kwamfuta, ba bai kamata ya bari ta wuce shi ba. Ita ce kaɗai damar da zai ɗanɗana layin tantance yatsa, da sanyi ko zafin ɗakin, da ƙarar madannan mutum 250 a lokaci guda, kafin ranar da abin zai zama na gaske.

Batun WAEC da NECO kuwa wani abu ne daban, kuma a nan fargabar iyaye tana da tushe. UTME zama ɗaya ce na awa biyu, ana raba ɗalibai rukuni-rukuni a kwanaki da dama, kowane rukuni da tambayoyinsa. WAEC kuwa makonni ake yi, kowane ɗalibi da darussa takwas ko tara, wasu darussan da takarda biyu ko uku, kuma a al'ada duk masu rubuta darasi ɗaya a lokaci guda suke zama. Kusan ɗalibai miliyan 2 suka rubuta WAEC ta makarantu a 2025, dukkansu kuma sai sun yi Turanci da lissafi. Cibiyoyin CBT da JAMB ta yi aiki da su a wannan shekarar ba su kai 1,000 ba, kowace da kujeru kamar 250. Ko an haɗa su duka ba za su zaunar da mutum 250,000 a lokaci ɗaya ba, kuma yawancinsu a birane suke. Yarinyar da ke sakandare a ƙauyen da ke da tafiyar awa biyu zuwa cibiya mafi kusa za ta iya yin wannan tafiya sau ɗaya don JAMB. A ce ta yi ta sau goma sha wani abu a cikin damina, wannan magana ce da ke buƙatar amsa daga gwamnatocin jihohi, don su ke da makarantun.

Sai kuma rubutu. Danna A ko B abu ne mai sauƙi. Rubuta wasiƙa ko insha'i mai kalmomi 450 da madannai, ga wanda ke neman kowane harafi da yatsa ɗaya, wani aiki ne na daban. In aka kai ga matakin da za a buga amsoshin rubutu a kwamfuta, jarrabawar Turanci za ta koma auna saurin bugu kafin ta auna Turanci, ɗan makarantar kuɗi da ya taso da kwamfuta a gida kuma ya samu fifikon da ba ilimi ya ba shi ba. Shi ya sa nake ganin tsarin da WAEC ta gwada a 2024, tambaya a allo amsa a takarda, shi ne ya dace a daɗe a kansa.

Amma dalilin gwamnati ma ba na banza ba ne. Satar amsa ta zama sana'a mai cibiyoyi da dillalai. A Mayun 2025 an jinkirta takardar Turanci ta WAEC saboda fitar tambayoyi, har ɗalibai a jihohi da dama suka rubuta ta da daddare da hasken tocila da fitilar waya. A shekarar ce kuma WAEC ta cakuɗa jerin tambayoyin zaɓi a Turanci da lissafi da bayoloji da tattalin arziki, yadda kwafar amsa daga makwabci ba za ta yi amfani ba. Ɗalibin da ya dogara da cewa za a shigo da amsa ɗakin jarrabawa, ko a rubuta a allo, ya sani wannan kasuwa tana ci gaba da mutuwa ko da kwamfuta ko babu. Ɗan aji huɗu da aji biyar kuma ya fara koyon bugu da yatsun hannu biyu tun yanzu, ko da awa ɗaya ce a mako a shagon kwamfuta. Waya ba ta maye gurbin wannan, don babban yatsa biyu kawai take horarwa.

Kwamfuta ma tana kuskure, kuma 2025 ta nuna haka sau biyu. WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano an yi kuskure wajen makin takardun da aka cakuɗa, adadin ya koma kusan kashi 63. A JAMB kuwa, ranar 14 ga Mayu Farfesa Oloyede ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Abin lura shi ne ba a gano wannan ba sai da ɗalibai da iyaye da malamai suka ɗaga murya da hujja. Wanda kwamfutarsa ta mutu ko ta daskare ana cikin jarrabawa ya ɗaga hannu nan take a rubuta, kada ya yi shiru don kunya ko tsoron jami'i. Ya adana takardar shiga jarrabawarsa, ya kuma shigar da ƙorafi ta shafin hukumar.

Batun shekaru ya yi ta kai da komo. A Yulin 2024 ministan lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 za a bai wa gurbi, aka yi ca a kansa a zauren taron JAMB inda ya faɗi haka har ya sassauta na wannan shekarar. Da Alausa ya karɓi ma'aikatar ya mayar da shi 16, aka kuma jaddada haka a taron tsara manufofin shiga manyan makarantu na Yulin 2025. An bar ƙofa ga masu hazaƙa ta musamman da ba su kai 16 ba, amma ƙofa ce ƙunƙuntacciya: sai an samu aƙalla 320 a UTME, sannan a bi wasu matakan tantancewa. Sama da yara 40,000 suka gwada a 2025, 'yan ɗaruruwa ne suka kai wannan maki. Iyayen da ke tsallakar da yaro daga aji huɗu na firamare zuwa sakandare su yi lissafi, don yaron na iya gamawa yana da 15 ya zauna a gida shekara guda. A Arewa dai matsalarmu ta fi karkata ga akasin haka, masu makara wajen shiga makaranta, su kuwa babu wata doka da ta hana su.

Sauyin da aka fi yi wa mummunar fahimta shi ne na lissafi. A Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗi ga masu neman kwasa-kwasan at (Arts), irin su harsuna da tarihi, a jami'a. Turanci yana nan dole ga kowa, lissafi yana nan dole ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, kiredit biyar kuma a zama bai wuce biyu ba. Nan da nan labari ya bazu cewa an soke lissafi. Ma'aikatar ta fito ta fayyace cewa kowane ɗalibi zai ci gaba da rajistar lissafi da rubuta shi a WAEC da NECO. Shawarata ga 'yan at ita ce kada su saki lissafi. Ɗalibi kan nemi kwas ɗaya a ba shi wani, ko ya so sauyawa zuwa tattalin arziki ko harkar kasuwanci, a nan ne rashin kiredit ɗin zai tare masa hanya.

Akwai kuma wani nau'in faɗuwa da ba ya fitowa a alkaluma, na ɗaliban da suka ci maki mai kyau amma takardu suka kayar da su. Tun 2021 ba a rajistar UTME sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwar da ke NIN su JAMB ke ɗauka kai tsaye. Mu kuwa sunayenmu rubutu iri-iri gare su. Yaro Muhammad ne a NIN, Mohammed a WAEC, Muhammadu a takardar firamare. A wata takarda sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata sunan gari. Ranar haihuwa kuma wani mai shago ne ya ƙirƙira ranar da aka je rajista. Duk wannan kan kwanta shiru har ranar tantancewa a jami'a, ko ma sai lokacin tafiya hidimar ƙasa. Gyara a hukumar NIMC mai ba da NIN yana ɗaukar lokaci, don haka a jera takardun yaro a kwatanta su harafi da harafi tun yana aji biyar.

Layin waya da aka yi rajista da shi ma dukiya ce. Da shi ake karɓar lambar buɗe rajista ta 55019 ko 66019, da shi ake duba sakamako, kuma an ɗaure shi da ɗalibi ɗaya. A yi da layin ɗalibin ko na gida wanda ba zai ɓata ba, kada a yi da na mai shagon intanet, kada kuma a bar masa adireshin imel da kalmar sirri. 'Yan mata kuma su kiyayi lalle a kan yatsu daga lokacin rajista har a gama jarrabawa. JAMB ta yi gargaɗi a kan haka, don lalle kan hana na'ura karanta zanen yatsa, wanda yatsansa bai hau ba kuwa ba ya shiga ɗaki. Masu ƙoƙarin goge shi da sinadari sukan ƙara ɓata zanen. In bikin 'yar uwa ya faɗo a tsakanin, a yi ƙunshin a bar kan yatsu.

Haɗin darussa shi ma yana cin mutane. Kowane kwas yana da darussa ukun da ake buƙata tare da Turanci, jami'o'i kuma sukan bambanta a wasu kwasa-kwasan. Mai neman likitanci da ya sa lissafi a madadin bayoloji ya fita daga takara ko da ya ci 300. Wannan bayani yana cikin IBASS, a duba da ido kafin a je cibiya, kada a bar ma'aikacin da ke da layin mutum ɗari a gabansa ya zaɓa wa yaro.

A taron Yulin 2025 an sa 150 a matsayin mafi ƙarancin makin jami'a, daga 140 na shekarar da ta gabata, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Wannan adadi yana yaudarar ɗalibai sosai. Shi ƙasa ne da ba a yarda jami'a ta sauka ƙarƙashinsa ba, kowace jami'a tana da ikon sa nata sama da haka, kowane sashe kuma yana da nasa. Wanda ya ci 170 ya nemi likitanci ko lauya a ABU ko Bayero ko Danfodiyo ya cika sharaɗin ƙasa, amma yana takara da masu 250 zuwa sama. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda yawancin jihohin Arewa ke ciki. Wannan kaso dama ce ta gaske, amma a cikinsa ma mai maki mafi yawa ake fara ɗauka, kuma zaɓin farko jami'o'i suka fi dubawa. Bayan UTME akwai tantancewar jami'a, wadda aka soke a 2016 aka dawo da ita a 2017, wasu da jarrabawa, wasu da haɗa makin UTME da na WAEC ko NECO. A irin wannan lissafi bambancin C6 da B2 yana iya zama bambancin samun gurbi da rasa shi.

Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta CAPS yake bi, wato tsarin JAMB na ba da gurbi ta intanet. Jami'a ba ta iya ba ɗalibi gurbi a nan sai sakamakonsa na WAEC ko NECO yana kan shafin JAMB, don haka wanda ya yi rajista yana jiran sakamako dole ya koma cibiya a ɗora shi da zarar ya fito. In an ba da gurbi kuma sai ɗalibi ya shiga ya danna amincewa a cikin wa'adi, in ba haka ba a bai wa wani. Duk takardar admishan da wani ya miƙo maka a bayan fage wadda ba ta bayyana a CAPS ba, sunanka ba zai shiga kundin JAMB ba, hukumar hidimar ƙasa ta NYSC kuma da wannan kundi take aiki. Wanda ya ga makinsa bai kai na kwas ɗin da ya nema ba yana da damar sauya kwas ko makaranta a cibiyar da JAMB ta amince da ita, kuma gara ya yi hakan a makonnin farko bayan fitar sakamako, kafin jami'o'i su rufe rajistar tantancewarsu.